Mudi Magini da Katangar da Shanu Suka Lashe

To, ku gyara zama ku ji yadda Mudi Magini ya yi da ɗakin kwano a Nguru. Abin nan ya faru ne shekara biyu ko uku bayan sojojin da suka je yaƙin ƙasar Bama sun dawo, lokacin da gyaɗa da fatu da kanwa suke cika tashar jirgi har mutum ya rasa wurin sa ƙafa.

Shi Mudin nan daga Gashuwa ya zo a bayan mota, da matarsa Talatu, da galmarsa, da bakinsa. Bakin kuwa ya fi galmar aiki nesa ba kusa ba. In ya zauna a gindin tsamiyar bakin kasuwa, inda mutane suke shan iska, shi ke nan kowa ya shiga uku.

"Rabin Gashuwa ni na gina," in ji shi. "Ɗaya rabin ma leƙen aikina suka yi. Katangar da na ɗora, in raƙumi ya yi karo da ita, raƙumin za a je wa jaje."

Amma fa ɗakin da ya gina wa kansa a Nguru, wallahi in ka gan shi sai ka ce tsohuwa ce ta karkata tana sauraron gulma. Da damina kuwa, ruwan da yake sauka a ciki ya fi na waje natsuwa, don na waje yana ɗaukewa, na ciki sai ya ƙara wuni guda yana ɗiga.

Ana nan sai aka yi wata damina mai ƙarfi, ta rushe gidaje da yawa. Da rani hukumar gari ta gina ɗakuna goma sha biyu a bayan tasha, ƙasa sumunti, sama kwano, aka ce na waɗanda ruwa ya ci wa gini ne, kowa ya je ofis a rubuta sunansa. Talatu ta bi mata suka je kallo. Ta dawo ko mayafi ba ta cire ba.

"Maigida, na ga ɗakin da ruwa zai sauka a kansa ka ji shi kawai da kunne, ba sai ka sha shi da ƙeya ba. Ni dai na faɗa maka, in damina ta sake samuna a ƙarƙashin wannan rufin naka, Gashuwa zan tafi gidan yayana, sai kaka ka gan ni."

"Ke, kwantar da hankalinki. Ni za a hana ɗaki a garin nan? Sunana ne na farko. Sauran su bi baya."

Washegari ya zura babbar rigarsa, ya karya hula, ya nufi ofis. Mutum wajen ashirin a layi, ya wuce su kamar bai gan su ba. Akawun da yake rubuta sunaye Malam Abbagana ne, wani Babarbare mai tabarau da sanyin magana, kuma shi ma ɗan gindin tsamiyar nan ne, duk cika bakin Mudi a kunnensa aka yi.

"Wushe, sannu da zuwa, Mudi. Gini ka zo duba mana?"

"Rubuta ni, Malam. Mudi Magini. A sama."

"A saman me?"

"Takardar ɗakin kwano mana."

Malam Abbagana ya ajiye alƙalami a hankali. "Ɗakinka ya faɗi?"

"Ɗakina? Ya faɗi? Malam, ka san da wa kake magana kuwa?"

"To ya tsage?"

"Ko allura ba za ta samu wurin shiga ba!"

"Yana yoyo?"

Mudi ya buɗe baki, sai ya waiga. Layin nan gaba ɗaya ya yi tsit, kowa ya miƙo wuya. Ga masu sauraronsa na gindin tsamiya har huɗu a ciki.

"Yoyo kam... a'a. Yana dai ɗan yin gumi."

"To ɗaki mai gumi ba ya cikin takarda," in ji Malam Abbagana. "Allah ya ƙara masa lafiya. Na baya ya matso."

Layi ya fashe da dariya. Mudi ya doki tebur, ya ce zalunci ne, ya ce shi ba a taɓa yi masa haka ba ko a gaban manya. Malam Abbagana ya bar shi ya gama, sannan ya ce masa gurbi ɗaya ya rage, kuma ba shi zai bayar ba. Ranar kasuwa ta sama wani tsohon magini mai suna Ba Dunoma zai zo daga Gashuwa ya zaga unguwa. Duk ginin da ya ga gindinsa ya cinye zurfin taƙi guda, mai shi ne da ɗakin.

Kwana uku Mudi bai taɓa galma ba, aikinsa ƙorafi. Ya kai wa mai tsire, ya kai wa wanzami, ya kai wa masu dakon tasha. Ya ce hassada ce. Ya ce don ba ya jin Barbarci ne. Aka ce masa ai rabin waɗanda aka rubuta Hausawa ne, ya ce to don ya fi su iya Hausa ne. Ya je wurin Bulama, mai unguwarsu, Bulama ya ce, "Abu mai sauƙi. Tsaya a gindin tsamiya ka ce gininka ruɓaɓɓe ne, ni da kaina zan raka ka ofis." Mudi ya ɗauki takalmansa ya fita ko sallama babu.

Rana ta huɗu yana zaune a ƙofar gida ya yi tagumi, sai idonsa ya faɗa kan katangar da take kallonsa. Wani ɗan siririn lungu ne ya raba gidansa da na Ya Mairam, wata dattijuwar Babarbariya mai sayar da kanwa. Ɗakin da take kwana nan take jibge buhunanta, kuma daidai inda suke jingine, gindin katangar ya yi fari, yana zubowa kamar garin gero.

Mudi ya miƙe tsaye. Ai kuwa! Kanwa tana cin gini, kowane magini ya san wannan. In ya jiƙa gindin ɗakinsa da ruwan kanwa, kafin ranar kasuwa ya cinye taƙi guda. Ya samu ɗakin kwano, kuma ba wanda zai ce hannunsa ne bai iya ba, sai dai a ce ƙasar Nguru ce mai kanwa. Kai, har ya tafa wa kansa.

Ya tsallaka lungu. "Ya Mairam, wushe da aiki. Sharar kanwar nan da kike zubarwa nake so."

"Ɗauki mana, ɗana. Ta miya?"

"Ta ciki. Cikina ne yake ɗan murɗawa."

"Kawo hannunka."

"A'a, buhu na zo da shi."

Ya Mairam ta dube shi, ta dubi buhun. "Kai Afuno, Bahaushen nan, cikin naka ne ko na raƙumi?"

"Ciwon ne babba."

"To Allah ya sawwaƙe. In ka fashe, ka fashe ta wajen gidanku."

Da azahar, rana ta take, kowa ya shige inuwa, Mudi ya jiƙa kanwa a tulu ya dinga bin gindin ɗakinsa ta wajen lungu yana kwarara. Talatu ta leƙo.

"Sarkin magina, miya kake yi wa katanga? In kawo kuka?"

"Ke shiga ciki. Wannan ilmi ne, ba na mata ba."

"To in ta dahu ka kira ni."

Abin da bai shiga lissafin Mudi ba shi ne, ba gini kaɗai ne yake son kanwa ba. Kafin la'asar akuya ɗaya ta zo ta sunsuna, ta lasa, ta ɗaga kai sama ta yi kuka. Wallahi sai ka ce shela ta yi. Kafin ka ce me, awakin unguwa sun yi sahu a jikin ɗakin Mudi, kowacce ta kafa kai. Ya fito da sanda ya kore su ta gabas, suka dawo ta yamma. Ya duƙa zai ɗauki hoge, wani bunsuru ya auna mazaunansa ya sakar masa karo, sai ga Mudi a cikin kwatar da Talatu take zubar da ruwan wanke-wanke.

Ya Mairam tana ƙofarta tana tankaɗe. "Sannu, ɗana. Cikin ne ya kayar da kai?"

Washegari jakunan fatake biyu suka tsinke igiya suka zo suka shiga sahu. Yara suka taru, mata suka hau turmi suna leƙe ta kan danga. Wani ya ce aljanu ne a ɗakin, wani ya ce a'a, da madara Mudi ya kwaɓa ƙasar. Mudi ya ji wannan ta yi masa daɗi, ya ce, "Sirrin aiki ne, ba a faɗa."

Da ya kore su ya duƙa ya auna. Yatsa biyu cif sun cinye! Kanwar ita kanta ba ta yi komai ba tukuna, harshen awaki ne ya yi aikin. Nan fa ƙwaƙwalwar Mudi ta sake tafasa. Harshen akuya ɗan mitsitsi ya ci yatsa biyu a kwana biyu. To harshen saniya fa, da ya kai faɗin takalmi?

Bai zame ko'ina ba sai kara, inda ake cinikin shanu. Ya samu wani Bafulatani, Bappayo, dogo siriri, ya rataye hannuwa a sanda.

"Bappayo, kanwa kyauta. Ka kawo shanu uku su lasa, ranar kasuwa da hantsi."

Bappayo ya kalle shi ta gefen ido. "Kyauta? A Nguru? Me ka sa a ciki?"

"Ba komai. Sadaka ce."

"Sadaka wa nagge?"

"Su ba bayin Allah ba ne? Amma ka ji fa, uku. Uku kawai."

"Uku, in Allah ya yarda."

Shi Bappayo bai yi ƙarya ba, uku ya ware. Sai dai a bakin rijiya ya faɗa wa ƙaninsa, ƙanin ya faɗa wa surukinsa, surukin kuma mutum ne mai zumunci.

Ranar kasuwa Mudi ya tashi da ƙarfinsa. Ya juye sauran kanwar gaba ɗaya, ya kwarara, har ya yi ta shafawa da hannu, ta jiƙa masa ƙafafu da bakin wando. Ya ɗora babbar riga a kai, ya tsaya a tsakiyar lungu yana jiran baƙinsa uku.

Sai ya ji ƙasa tana rawa.

Ya duba bakin lungu, ƙahoni ne kawai har iyakar ganinsa. Farare, jajaye, da wani bajimi mai tozo kamar tulu a gaba. Can baya Bappayo yana ɗaga sanda.

"Bappayo! Uku na ce!"

"Nawa uku ne, ga su can a tsakiya! Sauran rakiya suka yi!"

Mudi ya juya zai gudu, ta bayan ma sun shigo. Suka matse shi a jikin katangarsa. Na gaba suka kafa baki a gindin ɗaki, kana jin lasa kamar ana kankare tukunya. Wata jar saniya ta sunsuni ƙafar Mudi, ta ji kanwa, ta ja masa harshe tun daga idon sawu har gwiwa.

"Wayyo! Ba ni ba! Katangar! Ga katangar can!"

Wata ta kama bakin rigarsa tana tauna. Wata ta lashe masa tafin hannu, ta bi har hammata. Mudi yana ihu yana dariya a lokaci guda, don abin da susa. Da ƙyar ya taka bayan wani maraƙi ya ɗare kan dangar gidansa, rabin riga a jikinsa, rabi a bakin saniya.

To shanu wajen hamsin, katanga ɗaya, ai ba za ta ishe su ba. Waɗanda ba su samu wuri ba suka juya, hancinsu ya gaya musu cewa ainihin kayan yana ɗaya gefen. Bajimin nan ya sa goshi a katangar Ya Mairam, wadda dama gindinta ya gama cinyewa, na baya suka turo.

Rugum!

Ƙura fara fat ta tashi. Allah ya sa Ya Mairam tana tsakar gida. Ta fito da muciya, ta yi fari tun daga kai har ƙafa, tana zuba Barbarci kamar ruwan indararo. Ta hango Bappayo. Kun san Barebari da Fulani da wasa, ko a wurin makoki ba sa fasawa.

"Kai bawana! Ɓarayin shanunka sun cinye ni!"

"Haba baiwata, gaisuwa suka zo yi miki. Ba ki buɗe ƙofa ba, suka buɗe da kansu."

Ta bi shi da muciya, ya kewaye bayan bajimi. Kasuwa ta watse, kowa ya yo lungun. Da ƙyar Fulani suka janye shanunsu, kowace saniya baki fari tana lashe hanci.

Ana cikin haka sai ga Malam Abbagana da takarda da fensir a kunne, ga Bulama, ga wani tsoho gajere mai sandar ƙarfe, ƙurar motar Gashuwa ba ta ma bar gemunsa ba. Ba Dunoma ke nan.

Mudi ya diro daga danga, ya tattare ragowar riga ya rufe kafaɗa. Tsohon ya fara da ɗakinsa, don shi ne a farkon lungu. Ya duƙa, ya zura hannu a ramin da shanu suka yi. Hannun ya shige har wuyansa.

"Taƙi guda da yatsa uku," in ji Ba Dunoma. "Wannan ya cinye. Malam, rubuta mai shi."

Jama'a, dabara ta ci! Malam Abbagana ya zaro fensir, ya lashi bakin fensirin, ya fara rubutawa. Talatu ta matso ta damƙe gefen rigar mijinta, ta yi ƙasa da murya.

"Maigida, don girman Allah, ka haɗiye harshenka. Minti ɗaya kawai."

Mudi ya gyaɗa kai, ya cije leɓe.

Amma tsohon magini ba ya ganin gini ya yi shiru. Ba Dunoma ya ja da baya, ya karkata kai yana bin karkatar ɗakin.

"Sai dai fa ba laifin ruwa ba ne shi kaɗai. Dubi yadda aka jera tubalin nan. Wannan da ƙafa aka yi ko da hannu?"

Wuyan Mudi ya fara kumbura. Talatu ta ƙara damƙa.

"Dubi azara, ɗaya ta kalli gabas, ɗaya ta kalli lahira."

Mutane suka fara ƙyaƙyatawa. 'Yan gindin tsamiya suna taɓa juna. Mudi yana numfashi kamar zugazugin maƙera.

"A Gashuwa," in ji tsohon, "wanda ya yi wannan ko akurkin kaji ba za mu ba shi ba. Wane sakarai ne ma ya gina shi?"

Kyaaat! Rigar ta ƙarasa yagewa, ta bar Talatu da ƙyalle a hannu.

"Ni ne! Ni Mudi na gina shi! Kuma wallahi ruwa bai isa ya ci ginina ba! Wane ruwa? Damina nawa ta zo ta koma da kunya? Kanwa ce, Baba! Buhu guda na jiƙa na zuba da hannun nan! Awaki suka yi kwana shida suna lasa, jakuna suka taya su, yau shanu hamsin suka jingina da shi suka tura! Ya motsa? Ku faɗa masa, jama'a, ya motsa?"

"Bai motsa ba!" in ji jama'a, wasu har suna riƙe ciki.

Fensirin Malam Abbagana ya tsaya cak.

Ya Mairam ta ajiye muciya. "Au, ashe cikin da yake murɗawa ke nan?"

Mudi ko jinta bai yi ba. Ya ja da baya, ya zabura ya banki katangar da kafaɗa. Ya ji zafi har haƙori, amma ya murmusa. Ya kama azara ya haye saman ɗakin, ya tsaya a kan rufi ya buɗe hannuwa.

"Akurkin kaji? Akurkin kaji ne zai ɗauki ƙato kamata? Duba nan!"

Ya yi tsalle. Ya sake yi. Ba Dunoma ya ɗaga kai yana kallo, ya buga sandarsa a jikin katangar, ya saurara.

"Gaskiyarka, yaro. Na janye maganata. Muni ne da shi, amma yana da taurin kai. A cike ramin nan da ƙasa, zai kai shekara goma. Malam, goge."

Malam Abbagana ya ja layi a hankali, sai ka ce yana jin tausayin fensirin. Ba Dunoma ya juya ya dubi tarin ƙasar da take ɗakin Ya Mairam a da.

"Wannan kuwa ba sai na auna ba. Sunanki, Ya?"

"Mairam. Rubuta da kyau, ɗana, da manyan baƙi." Ta juya wurin Talatu. "Ke 'yata, share hawayenki. Ɗakin kwanon da faɗi, ni kaɗai ce. Zo mu yi damina tare, mu ji ruwa a kwano."

"Kun ji ko?" Mudi yana ta ihu daga sama. "Shekara goma! Da bakinsa ya faɗa! Baba, in ka koma Gashuwa ka maimaita musu!"

Ya ƙara tsalle na murna, na uku ke nan. Ɓurum! Ƙafar dama ta ɓurma rufi ta shige har cinya. Ya ja, ta ƙi. Ya dubi ƙasa, ya ga Malam Abbagana yana naɗe takarda.

"Malam! Malam, tsaya! Ga shi ya ɓurma! Rubuta ni!"

Malam Abbagana ya gyara tabarau ya duba sama. "Wannan ba ruwa ba ne, Mudi. Ƙafa ce. Ba ta cikin takarda."

Jama'a suka bi Ya Mairam suna yi mata barka, Bappayo yana cewa a ba shanunsa tukuici tunda su suka sama mata ɗaki. Talatu ta shiga ciki ta naɗe tabarmarta. Ga ƙafar maigida tana reto a tsakar ɗaki, fara fat da kanwa.

"Talatu! Kina ciki? Turo ni sama!"

Ta ɗora tabarma a ka, ta kewaye ƙafar.

"Zauna a haka, Maigida. Tunda aka yi ɗakin nan, yau ne na fara ganin ka toshe rami a rufinsa."